Wanki a jirgin ruwa: ga ƙoshi ga kwanan yunwa

1/ Tun da na saka hoton shanyata a jikin jirgi shekaranjiya saƙonni ke ta shigowa. Wata ta ce, "Anti, ke da kike zaune a kan ruwa ai kin huta da sayen ruwan wanki." Wani kuma ya ce in daina wahalar da kaina, in sa maigida ya sayo inji. Duka biyun ban yarda da su ba, kuma yau zan faɗi dalilina. Bayanin da ɗan tsawo, amma ba zan bari wankin hula ya kai mu dare ba.

2/ Ga waɗanda ba su san ni ba: shekara uku ke nan ni da Abban Ummi muna zaune a jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsawonsa mita 11. Nan ne ɗakin kwana, nan ne kicin, shi ne kuma motar. Daga gaɓar Sifen muka taso, muka bi tsibiran Kanari, muka sauka Kef Bad, muka tsallaka tekun Atilantika. Yanzu haka muna kan anka a Martinik, cikin tsibiran Karibiyan.

3/ Ra'ayina a taƙaice: wanki a jirgi lissafin ruwan daɗi ne. Duk dabarar da za ta sa ka manta da wannan lissafi, za ka biya kuɗinta daga baya, ko da fatar jikinka ko da aljihunka. Dabara biyu aka fi tallatawa, wanki da ruwan teku da kuma sayen inji. Ta farko na gwada na sha wuya. Ta biyu saura ƙiris ta haɗa ni faɗa da mijina.

4/ Mu fara da lissafin. Tankinmu lita 300 yake ci. Muna da jarka 4 masu lita 20, jimla 380. Daga Mindelo a Kef Bad zuwa Martinik kusan mil 2,100 ne na teku, babu tsibiri a tsakani, babu famfo. Mu uku ne a wannan tafiya, da ƙanin maigida. Tafiyar ba ta cika kai sati uku ba, amma mai hankali kwana 25 yake yi wa tanadi, don iska tana iya ɗaukewa ta bar ka a tsaye.

5/ Raba 380 ga mutum 3 na kwana 25, kowa ya tashi da lita 5 a rana. Cire 3 na sha, don zafi ake yi. Saura 2, a ciki za a yi girki, a wanke baki, a goge jiki. To injin wanki irin na gida yana shan wajen lita 50 a wanki ɗaya. Wato juyi ɗaya na inji ya cinye ruwan mu uku na kwana uku har da ɗoriya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6/ Yanzu maganar ruwan teku. A Las Palmas akwai wani dattijo Bature da jirginsa ke kusa da namu, ya tsallaka Atilantika ya fi sau nawa. Shi ya ce mini, wanke da ruwan teku, ki ɗauraye da ɗan ruwan daɗi kaɗan, shi ke nan. Na ji maganar ta zauna. Wanda ya riga ka kwana ai dole ya riga ka tashi. Ban tambaye shi irin kayan da yake wankewa ba, ashe mutumin gajeren wando biyu na leda gare shi duk duniya.

7/ Kwana shida da barin Mindelo na ɗaure bokiti da igiya na jawo ruwa. Zanin gado biyu, tawul uku, wandunan maza, duk na zuba. Abu na farko da na lura: sabulun wanki na sanda ya ƙi kumfa sam. Sai wani farin dafi-dafi yake yi a saman ruwa. Dalili kuwa, ruwan teku cike yake da sinadaran kalsiyam da maganiziyam, suna haɗuwa da sabulu su kashe shi. Da na koma omo ya ɗan yi kumfa, na ce to madalla.

8/ Na ɗauraye da lita biyar kacal na ruwan daɗi, na shanya, ina ta yabon kaina. Da azahar kaya sun bushe ƙayau, har sun yi tauri kamar an sa musu sitaci. Na ninke na adana. Bayan isha'i na ɗauko zanin gado zan shimfiɗa, na ji shi sanyi luɓus kamar ba a taɓa shanya shi ba. Washegari na sake shanyawa. Rana ta yi ya bushe, dare ya yi ya jiƙe. Haka muka yi ta yi.

9/ Ga abin da ke faruwa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Tawul ɗaya, ko ka matse shi iya ƙarfinka, zai riƙe wajen rabin lita. Ruwan ya bi iska, gishirin ya zauna: giram 17 da wani abu, kusan ƙaramin cokali uku a tawul guda. Shi kuma gishirin teku janyo laima yake daga iska. Wadda ta taɓa barin gishiri a buɗe da damina ta san yadda yake narkewa. A teku kuwa kullum damina ce wajen laima.

10/ Wani zai ce ai ruwan teku mai tsarki ne. Ƙwarai kuwa, da shi muke alwala a tafiya, kuma ya rage mana nauyi sosai. Amma tsarki daban, bushewa daban. Tufar da aka wanke da shi ta halatta a yi salla da ita, sai dai ba ta daɗin zama a jiki, kuma jiki ba ya yafewa.

11/ Ƙanin maigida shi ya fara biya. Shi ke gadin dare daga sha biyu zuwa huɗu, yana zaune a wandon da gishiri ya cika, jirgi na jijjiga shi gaba da baya. Gishiri da laima da gugar fata, kwana huɗu sai ga ƙuraje a cinya da mazaunai, wasu har sun fashe. Da farko wasa ya mai da abin: "Matar Yaya, wannan wanki ne ko kilishi kike son yi da ni?" Ran kwana na goma ya daina wasa, don zama ya gagare shi. A tsaye yake gadinsa, riƙe da ƙarfe.

12/ Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kana tsakiyar teku, asibiti mafi kusa kusan mil dubu ne, ƙurji in ya ruɓe sai abin da ke cikin akwatin magani. Kuma mutum uku ne ke karɓa-karɓar gadi, in ɗaya ya kwanta biyun sun shiga uku da rashin barci. Dole na kwance duk wankin na sake ɗauraye shi da ruwan daɗi. Lita 30 ta tafi. Da tun farko da ruwan daɗin na wanke, 15 ta ishe ni.

13/ Ranar Abban Ummi ya duba ma'aunin tanki ya dube ni, bai ce komai ba. Wallahi da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Abban Ummi, faɗi abin da ke ranka." Ya ce, "Ba komai, daga yau shayi sau ɗaya ne." Kwana uku muna shan shayi sau ɗaya saboda wayona. Araha dai ba ta ado.

14/ Saboda haka in an ce muku wanki da ruwan teku yana rage kashe ruwa, ku tambaya: wane irin kaya? Ruwan da ke tafiya a wanki yawancinsa a ɗauraya yake tafiya. Fitar da ɗan omo daga tufa abu ne mai sauƙi. Fitar da gishiri daga tawul ko wandon jins kuwa sai ka ɗauraye sau uku, sau huɗu. Ka tsimi lita huɗu a gaba, ka zubar da goma a baya.

15/ Ban ce ruwan teku ba shi da amfani ba. Tsumman da aka goge jinin kifi, ko kayan da suka yi dumu-dumu da ƙazanta, nakan fara kaɗa su a teku in rage dattin. Siririn yadi na roba wanda ba ya riƙe ruwa, shi ma ba laifi. Amma duk abin da zai kwana a jikin mutum, zanin gado, rigar filo, kayan ciki, tawul, kada gishiri ya taɓa shi. Wannan doka ce a jirginmu yanzu.

16/ To yaya nake yi? Bokiti biyu, ɗaya mai murfi. Da safe in zuba lita 4 da omo cokali ɗaya, ɗaya tak. Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba, ƙarin ɗauraya kawai yake jawowa. In zuba kaya in rufe in ɗaure bokitin a bayan jirgi inda rana ke bugawa. In muna tafiya, igiyar ruwa ita ke yi mini cuɗa, awa biyu tana kaɗa shi. In muna kan anka, ina da robar nan ta buɗe toshewar bututu, sabuwa fil, da ita nake kirɓa kayan kamar sakwara.

17/ Sirrin duka yana wajen matsa. Ku bi ni da lissafi. Tufa ta riƙe rabin lita na ruwan omo. In ka zuba mata lita 4 a tashi ɗaya ka matse, kashi ɗaya cikin tara na omon ya rage. In kuwa ka zuba lita 2 ka matse sosai, ka sake zuba 2 ka matse, kashi ɗaya cikin 25 ne ya rage. Ruwa iri ɗaya, tsabta kusan ninki uku. Ɗauraya kaɗan-kaɗan sau biyu ta fi ambaliya sau ɗaya.

18/ Manyan kaya nakan rataya su a jikin ƙarfen gefen jirgi, in haɗa bakin biyu in yi ta murɗawa har sai ɗigo ya tsaya. Ruwan ɗauraya na ƙarshe ba na zubarwa, shi ne ruwan wankin kashi na biyu. Na biyun in ya gama, a wanke daɓen jirgi da shi. Da lita 12 nake wanke ƙananan kayan mu biyu na sati guda. Wadda ta taɓa sayen jarka a hannun mai kura ba sai an koya mata wannan ba, mantawa kawai muke in mun ga famfo.

19/ Shanya ma karatu ce. Wayoyin gefen jirgi kullum da gishiri a jikinsu, wani lokaci da tsatsa. In ba ka goge su da jiƙaƙƙen tsumma ba, farar riga za ta fito da jan layi. Sannan iska. A Mindelo iska ke ratsowa tsakanin tsibiri biyu da ƙarfin gaske. Nan teku ta cinye mini ɗankwali biyu da rigar maigida. Tun daga ranar ta cikin hannun riga nake zura igiya, wando kuma ta ƙafa. Sai dai iska ta yi ta kaɗawa, ba ta da yadda za ta yi.

20/ Wani abin dariya a Mindelo: na shanya fararen kaya da safe, da la'asar na tarar sun yi ja-ja. Na daga kai na ga sama ta yi fari fat, dutsen da ke gaban gari ya ɓace. Hazo! Hunturun nan dai da muka sani, shi ne yake tsallaka ɗaruruwan kilomita na teku daga gaɓar Senegal ya iske su. Can suna kiransa bruma seka, wato busasshen hazo. Na ce ikon Allah, na gudo har nan ƙurar gida ta biyo ni.

21/ Ruwan kyauta ɗaya ne a teku, na sama. Ran kwana na 13 hadari ya taso da rana tsaka. Muka bar ruwan farko ya wanke gishirin da ke kan rumfa, sannan muka karkata ta muka sa mazurari a bakin jarka. Cikin abin da bai kai rabin awa ba muka tara jarka biyu. Ranar kowa ya yi wanka, aka yi wanki, aka koma shayi sau uku. Yanzu da na ga gabas ta yi baƙi, kayan datti nake fara tattarowa.

22/ Sai maganar inji. Da muka iso Martinik, Abban Ummi ya ce shi dai ya gaji da ganina a durƙushe gaban bokiti, zai sayo ƙaramin inji mai cin kilo 3. Na san don tausayi ya faɗa, kuma na ji daɗi har raina. Amma na ce a'a. Ya ce, "Ke da ake son a hutar da ke?" Na ce, "Abban Ummi, zauna mu bi abin daki-daki, in ka ga riba a sayo."

23/ Inji yana son wutar gida, mu kuwa batir gare mu mai bolt 12. To sai inbata babba. Inbata tana son ƙarin batir, batir yana son ƙarin farantin sola ko janareta. Sannan ruwa: tankin lita 300 ba zai ciyar da inji ba, sai an sa na'urar tace ruwan teku. Ita kuma tana tura ruwa ta cikin matata da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota sau ashirin da wani abu, wuta take ci ba kaɗan ba, kuɗinta dubban yuro ne.

24/ Kuma ba a sa ta a manta da ita. In ta kwana biyu ba ta aiki sai an wanke ta da ruwan daɗi, in za a daɗe sai an zuba mata magani. Ba a kunna ta a tashar da mai ke yawo a kan ruwa, yana lalata matatar. Na ga jirage a nan da suka yi sati uku, huɗu a ɗaure suna jiran wani ɗan ƙarfe ya iso daga Turai, iska mai kyau tana wucewa. Ka sayi inji don ya yi maka bauta, ka wayi gari kai ke yi masa.

25/ Ga kuma wuri. A jirgi mai mita 11, inda inji zai zauna nan ne kabad ɗin da nake ajiye shinkafa, taliya da gwangwanaye na wata biyu. Na ce masa zaɓi: inji ko abinci. Ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa cin nasara a kaina ba in aka zo lissafi. Muka yi sulhu a kan abu ɗaya: matsa ta koma hannunsa. Ni ke cuɗa, shi ke murɗawa. Tun daga nan kayanmu suka fi saurin bushewa, bayana kuma ya huta.

26/ Don Allah a fahimce ni. Mai jirgi babba mai gindi biyu, da rufi cike da sola, da yara uku har da na goye, inji a wurinta ba almubazzaranci ba ne. Haka dattijuwar da ciwon gaɓɓai ya kama wa yatsu. Ni ma in shekaru suka ja wataƙila in canza magana. Abin da nake ƙi shi ne a ce wa mai ƙaramin jirgi ba zai rayu ba sai da inji, har ya fasa tafiya yana tara kuɗin abin da bokiti zai yi masa.

27/ Manyan kaya fa? Zannuwan gado da barguna tara su nake sai mun shiga gari. Kusan kowace tashar ƙananan jirage tana da shagon wanki na inji, ka jefa 'yan yuro ka jira. A wasu tsibiran nan ma akwai masu zagayowa da kwalekwale, su karɓi wanki da safe su dawo da shi a ninke. Kuɗin da nake kashewa a haka a shekara bai kama ƙafar kuɗin waccan na'ura ba, kuma ya shiga aljihun mutanen gari.

28/ A shagon wankin nan na fi samun labari. Kana zaune awa biyu da matan jirage da mazansu daga ƙasa goma, a nan za ka ji inda anka ke kamawa da kyau, inda ake sayar da gas, wane kanti ke da naman halal. Kamar dai bakin rijiya. Mai inji a cikin jirginta duk wannan ya wuce ta.

29/ Wanki mafi sauƙi shi ne wanda ba a tara ba. Na sallami jins gaba ɗaya, kwana biyu yake bai bushe ba. Manyan tawul masu kauri na bayar, na koma sirara. Abin da ya fi yi mini amfani kuwa atamfa ce. Zani ɗaya ya yi ɗaurin ƙirji, ya yi mayafi, ya yi labule, ya yi shimfiɗa, lita ɗaya ta wanke shi, awa ɗaya ya bushe. Shadda da sitaci sai in an sauka. Guga kuma, a ninke a sa ƙarƙashin katifa, gobe ta miƙe.

30/ Kayan datti ma a kula. Kada a cusa jiƙaƙƙen abu a kabad, kwana biyu ya yi fumfuna, baƙin ɗigon nan kuma ba ya fita. A shanya shi ya bushe tukuna ko da datti ne, a sa a jakar raga inda iska ke shiga. Kayan da ruwan teku ya fantsama wa suna da ƙugiyarsu daban a bakin ƙofa, ba sa shiga ɗakin kwana. Gishiri in ya hau katifa, kun yi sallama da busasshen barci.

31/ Gargaɗi ɗaya. Wasu 'yan jirgi suna wanki da ruwan amoniya don ba ya buƙatar ɗauraya sosai. In za ku gwada, a waje cikin iska, kuma kada ya kusanci bilic ko kaɗan. Haɗuwarsu tana fitar da iska mai guba, cikin jirgi kuwa ɗan akurki ne, ba wurin gudu.

32/ Na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. A gida ruwan wanki kwata yake bi ka daina ganinsa. A nan duk abin da na juye daga bokiti yana sauka ne a inda zan yi iyo da yamma, inda masuncin garin ke jefa komarsa. Tarayyar Turai ta taƙaita sinadarin fosfet a omon wanki tun 2013 saboda yadda yake ɓata ruwa, amma ba ko'ina dokar ta kai ba. Cokali ɗayan nan da nake awo, rabi don tanki ne, rabi don haƙƙin masu wurin.

33/ To 'yar uwa mai cewa na huta da sayen ruwa, ga amsarki: ban taɓa ƙirga ruwa kamar yanzu da nake kwana a kansa ba. Ɗan uwa mai shawarar inji, na gode, amma bokitina bai taɓa jiran kayan gyara daga Turai ba. Ƙanin maigida ya warke sarai, sai dai har yau in ya kira waya sai ya tambaya ko akwai sauran kilishi. Gabas ta fara haɗa hadari, bari in je in kwashe shanya in kafa jarka. Mai wata dabarar da ta fi tawa ya faɗo ta, ina karantawa in na dawo. Allah Ya sa mu dace.